Kashi Nawa Ne Ƙafar Soja? Tarihin Awon Raunin 'Yan Mazan Jiya, Daga Bama Zuwa Boɗinga

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya.

Yau da tambaya zan fara, kuma tambayar ba ta da daɗin ji. Kashi nawa ne ƙafar mutum? Ido ɗaya fa? Kunnen da ƙarar igwa ta toshe fa, nawa zai ci cikin ɗari?

Kar ku ce na fara wasa da halittar Allah. Haka tsarin yake. Idan soja ya ji rauni a bakin aiki aka zo sallamarsa, kwamitin likitoci ne ke zama a kansa su amsa tambaya biyu. Ta farko, aikin soja ne ya jawo wannan lalura ko ya ƙara mata tsanani? Ta biyu, kashi nawa cikin ɗari na lafiyarsa ya tafi? Lambar da suka rubuta a ranar ita ce ke yanke abin da zai riƙa karɓa a kan nakasarsa. To matsalar ita ce, awon rana ɗaya ake yi, shi kuwa jiki kullum ƙara tsufa yake. Shi ya sa duk ƙasar da ke da tsofaffin sojoji za ka tarar da irin rigimar nan: dattijo yana bin ofis-ofis yana roƙon a sake auna shi.

Mu ɗauki hanyar da ta fita daga Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Yawancinmu mun san yankin da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da kuma garin da ya ba Najeriya shugaban ƙasa. Amma yankin yana da wani tarihin da ya shafi soja. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 mutanen Satiru, can kusa da Danchadi, suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Turawa. Littattafan tarihi suna kawo sunayen Turawa uku da suka mutu: Hillary da Scott da Blackwood. Sojoji baƙar fata da suka mutu tare da su kuwa, lamba ce kawai, 25. A watan Maris aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Satiru labarin wata rana ne, na kawo shi ne don ku ga yadda lissafin ya faro: wani jikin ana rubuta shi da suna, wani da lamba.

Shi ma'aunin kashi-kashin nan ba a nan aka ƙera shi ba. Lokacin yaƙin duniya na farko Ingila ta cika da guragu da makafi, har ta kafa ma'aikatar fansho a ƙarshen 1916. A 1917 suka fitar da jadawali, kamar dai farashin kaya a kanti. Wanda ya rasa gaɓoɓi biyu, kashi 100. Wanda aka yanke wa ƙafa ƙasa da gwiwa, kashi 50. Wanda rauninsa bai kai kashi 20 ba, a ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya a sallame shi. Ƙaramin soja mai kashi 100 yana karɓar sule 27 da sisi a mako, daga baya a 1919 aka mai da shi sule 40.

Jadawalin yana aiki sosai ga abin da ido ke gani. Yankakkiyar ƙafa ba ta buƙatar shaida. Amma mai tari saboda iskar guba, da mai firgita cikin dare, da wanda ciwonsa bai fito ba sai bayan shekara goma, su ne suka sha wuya. A 1921 ma sai aka sa doka cewa wanda bai kawo ƙorafinsa cikin shekara bakwai da sallama ba, ƙofa ta rufe. Tsofaffin sojojin Ingila suka yi ta faɗa a kan hujja ɗaya: tunda likitanku ne ya duba ni ya ce lafiyata lau kafin ku ba ni bindiga, ai duk abin da ya lalace bayan nan ku ne za ku yi bayani. A 1943 gwamnatinsu ta sauko. Aka ɗauke wa soja nauyin kawo hujja, aka ce in akwai shakka, a yanke ta inda za ta amfane shi.

Ku riƙe shekarar nan, 1943, domin a cikinta ne aka loda runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma a jiragen ruwa aka nufi Indiya da su, daga can sai Bama. Runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944.

Yaƙin Hitila, kamar yadda kakanninmu ke kiransa, ya ɗebi 'yan Najeriya sama da 100,000. A Arewa ta hannun En'e ake ɗiba, daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci, kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku bai daɗe da hawa gado ba, tun da a 1938 aka naɗa shi. Wasu sun tafi don kansu, saboda albashi da kaki. Wasu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa. Hausa ce harshen bariki, har wanda ba Bahaushe ba sai ya koya. Sun fara da gabashin Afirka, inda sojan Najeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Sai kuma Bama, kwarin kogin Kaladan da tsaunukan Arakan.

Wani abin da zai ba ku mamaki, sunayen wuraren nan kullum muna faɗarsu ba mu sani ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, sunayen wurare ne a Bama. Haka Letmauk a Ibadan, da Myohaung da Arakan a Legas. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan rundunar da ake saukewa ta jirgin sama a bayan Japanawa ne, kuma akwai bataliyoyin Najeriya uku a cikinta a 1944. Wato dazuzzukan sun samu allon suna a ƙofar bariki. Mutanen da suka ratsa su fa?

A nan nake so mu ɗan daɗe. Dalilin da ya sa Turawa suka ga sojan Afirka ta Yamma ya dace da Bama shi ne wurin ba hanyar mota. Don haka cikin rundunar akwai dubban mutane da aikinsu dako ne. Su ke ɗaukar albarusai da abinci da sassan ƙananan igwa a ka, su hau dutse su gangara, cikin ruwan sama da taɓo, wata da watanni. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga ruɓewar ƙafa. A fagen Bama cuta ta fi harsashi kwantar da sojoji nesa ba kusa ba. To ka ɗauki saurayi ɗan shekara 20 daga wani ƙauyen Kajiji ko Dingyaɗi, ya yi wannan dako, yaƙi ya ƙare, likita ya dube shi a layin sallama. Hannu biyu, ƙafa biyu, ido biyu. Lafiya lau, a wuce. Wuyan da ya sanƙare da ƙugun da ya riƙe sai ya kai shekara 40 za su yi magana, lokacin kuwa babu wanda zai danganta su da Kaladan. A gida sai a ce sanyi ne. Wanda ke zabura cikin dare yana ihu kuwa, a ce iska ce, ko a ce ai ka san wanda ya je Bama ba ya dawowa daidai.

Akwai ɗan Najeriya ɗaya da rauninsa ya shiga tarihi dalla-dalla, Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo. Japanawa sun harbe shi a ƙafa a bakin Kaladan a 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi wata da watanni. Mun san labarin ne saboda shi ya yi boko, ya zauna ya rubuta da hannunsa, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi fim da littafi a kansa. Namu na nan da yawansu ajami suka iya, fayil kuwa da Turanci ake cika shi, a ajiye a inda ba za su taɓa gani ba. Sassaucin da aka yi wa sojan Ingila a 1943 labari ne na Landan. Sojan mulkin mallaka dokokin ƙasarsa ne ke kansa, kuma kuɗinsa daban. A 2019 jaridar Guardian ta Ingila ta fito da wata takardar gwamnati ta 1945 a kan kuɗin sallamar yaƙi a gabashin Afirka: farar fata ƙaramin soja sule 10 a kan kowane watan da ya yi, baƙar fata mai irin muƙaminsa sule 3 da sisi. Kun ga ko da likita ya yi adalci ya ba mutum biyu kashi 50 kowanne, rabin sule 10 da rabin sule 3 da sisi ba ɗaya ba ne.

Ba a yi shiru ba fa. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 tsofaffin sojoji a Ankara ta ƙasar Gana suka yi maci zuwa fadar gwamna da takardar koke a kan haƙƙoƙinsu. Wani Baturen ɗan sanda ya buɗe wuta ya kashe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin Gana.

Mu leƙa maƙwabta, tunda daga Illela zuwa Ƙonni taku kaɗan ne. 'Yan'uwanmu na Nijar Faransa suka yi wa yaƙi, kuma abin da ta yi musu ya fi fitowa fili. A Disambar 1959, ana gab da ba ƙasashen 'yanci, ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka. Na Bafaranshe yana hawa duk shekara, na mutumin Tawa ko Maraɗi yana tsaye cik inda aka bar shi. Wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun da ke shari'a da gwamnati ta ba shi gaskiya a Nuwambar 2001. Shi kuwa ya riga ya rasu. Sai a 2007 aka daidaita fanshon nakasa, sauran kuma sai 2011. Ku lissafa da kanku, wanda ya yi yaƙi a 1944, shekararsa nawa a 2011? Ni a ganina jinkiri ma wata hanyar biya ce, wadda ta fi kowace arha ga gwamnati.

To mu dawo gida, ga yaƙin da ya fi barin mana dattawa a raye, wato yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya bai fi 10,000 ba. Da aka gama ya kai wajen 250,000. Ka yi tunanin yadda aka yi wannan ɗiba: horo na 'yan makonni, a ba ka bindiga, sai fagen daga. A irin wannan gaggawa wa ke da lokacin rubuta fayil ɗin lafiyar kowa? Mutum zai ji rauni a daji, a ɗaure masa a wata makarantar da aka mayar asibiti, ya warke ya koma. Babu takarda. Waɗanda suka rasa gaɓoɓi an kai da yawansu cibiyar sojoji ta Oshodi a Legas. Nakasassun ɓangaren Biyafara kuwa suka ƙare a Oji River, shekara da shekaru suna zaune a kekunan guragu a bakin titin Inugu zuwa Anaca suna jiran sadakar matafiya.

A nan ne sunan Shagari ya shigo labarin, ba garin kaɗai ba, har mutumin. Alhaji Shehu Shagari ya riƙe ma'aikatar da ke kula da ma'aikata da fansho daga 1960 zuwa 1962. Da yaƙi ya ƙare, Janar Gowon ya ba shi kwamishinan tarayya mai kula da raya tattalin arziki da farfaɗo da wuraren da yaƙi ya ɓata, a 1970, sannan ya koma kuɗi daga 1971 zuwa 1975. Dokar fanshon soja mai lamba 103 ta 1979 gwamnatin Obasanjo ce ta yi ta, amma ranar 1 ga Oktoban shekarar Shagari ya karɓi mulki, don haka a hannunsa ta fara tafiya. Lokacin kuwa an yi ta rage yawan sojoji, mutane suna dawowa garuruwansu da takardar sallama a cikin leda. Kuɗin mai ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, ranar 31 ga Disambar 1983 sojoji suka kifar da shi. Ban kawo wannan don yabo ko zargi ba. Abin lura ne dai cewa mutumin da takardun bayan yaƙi suka bi ta teburinsa, garinsu ɗaya da wasu daga cikin masu jiran takardun.

Akwai wani dattijo da na sani a wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari, abokin kakana ne, Allah Ya jiƙansu duka. Yana da ɓarɓashin ƙarfe a cinya tun yaƙin basasa. Lokacin sallama yana tafiya da ƙafarsa, ɗan ɗingishi ne kawai, don haka kashin da aka rubuta masa kaɗan ne. Ya yi noma da ƙafar shekara talatin. Daga baya gwiwar ta riƙe, ɗayar ma ta gaji da ɗaukar nauyin biyu, kunnen hagu kuma dama tun can ba ya ji da shi sosai, sai ya rufe gaba ɗaya. Na taɓa ce masa, “Baba, me ya hana ku koma a sake duba ku?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, jikin da likita ya auna ran nan, ba shi na wanga ba. Amma sun ce in kawo shaidar wanga shi na wancan.” Ya je wani ofishi sau biyu, da kuɗin akuyar da ya sayar. Aka ce ya kawo rahoton asibitin da aka fara kwantar da shi. Asibitin kuwa ajin makaranta ne a wani garin da ko sunansa bai iya faɗa daidai ba. Maganar kunne ma ba ta taso ba, tunda ba ta cikin takardar farko.

Shi kashin ma, na mene ne? Na albashin da ake lissafi da shi. A 1980 naira ta fi dala daraja. Daga 1986 da aka fara karya ta, kowa ya san inda aka kwana. Tsarin mulkin 1999, sashe na 173, ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka ƙara wa ma'aikatan tarayya albashi, wanda duk ya riga zuwa. A rubuce ke nan. A aikace kuwa, farkon shekarun 2000 jaridu sun sha buga hotunan tsofaffin sojoji suna kwana a titunan Abuja suna jiran tantancewa. A 2004 aka sa soja cikin sabon tsarin fansho na karo-karo, a 2011 aka fitar da su aka mai da su hannun Hukumar Fanshon Soja da ke Dutse Alhaji. A Janairun 2022, da Disambar 2024, da Janairun 2025, 'yan mazan jiya sun tare ƙofar ma'aikatar kuɗi ta tarayya, wasu da tabarminsu, a kan bashin haƙƙoƙinsu. Ku lura, waɗannan masu ƙafar zuwa Abuja ne. Daga Shagari zuwa can wuni guda ne a mota, ta Gusau da Funtuwa da Zariya da Kaduna, hanyar da mai lafiya ma sai ya yi addu'a. Wanda ya fi kowa cancantar a ƙara masa kashi, shi ne wanda ba zai iya wannan tafiyar ba.

Amurka ma ba ta tsira daga rigimar ba, sai dai su sun ɗan yi gaba. Awonsu daga sifiri ne zuwa 100, goma-goma, kuma tsohon soja yana da damar neman a sake auna shi duk lokacin da ciwo ya ƙaru. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da suka ɓullo da ita bayan dogon faɗa. Sojojinsu na Biyetnam sun shaƙi maganin kashe ciyawa da aka yi ta fesa wa dazuzzuka, suka yi shekaru ana ce musu su kawo hujja. A 1991 aka yi doka: in ka yi aiki a wuri kaza lokaci kaza, kuma ka kamu da ɗaya daga cikin cututtuka kaza, an ɗauka aikin ne ya jawo, ba sai ka tabbatar ba. A Agustan 2022 Joe Biden ya sa hannu a kan irinta saboda waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan. Kar ku ɗauka tausayi ne ya kawo wannan, wasu sai da suka mutu suna jira. Amma dai an amsa cewa wanda ya tura ka wurin, shi ya kamata ya riƙe rajistar abin da wurin ke yi wa jiki.

Ni abin da nake gani ya dace da mu ke nan. Wanda ya yi shekaru a bayan igwa ko cikin tankar yaƙi ya zo da kurumta, a ɗauka aikin ne. Wanda lambarsa ta nuna yana bataliyar da ta yi Laberiya daga 1990 ko Saliyo bayanta, ya zo da firgita da rashin barci, kar a tambaye shi takardar asibitin daji. Kuma kwamitin likitocin ya riƙa zuwa inda mutanen suke. Yau hedikwatar runduna ta 8 tana Sakkwato, ga barikin Giginya da asibitin soja, ga reshen ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion, wadda aka kafa tun 1964. Daga Boɗinga zuwa can ko awa ɗaya ba a yi. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar kansa tsohon birgediya janar ne na rundunar tankoki, ya yi Saliyo, don haka ba a rasa wanda ya san zancen a garin ba.

Kuma maganar ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Da yawa cikin masu karanta wannan kuna da wa ko ƙane ko miji a Barno, ko a dajin Zamfara, ko nan gabashin Sakkwato. Nakiyar da ta tashi kusa da mota ba lallai ta fasa fata ba, amma tana taɓa kunne da ƙwaƙwalwa. In naka ya kira ya ce ai ba komai, ɗan jiri ne da ƙara a kunne, ka matsa masa ya je a rubuta a fayil ɗinsa, da kwanan wata da sunan wurin. Duk takardar asibitin da ta shigo hannunsa ya ɗauki hotonta da waya ya turo gida a adana. Ranar da zai zauna gaban kwamitin sallama kuma ya faɗi komai, har abin da yake jin kunyar faɗa, irin su mafarkin tsoro da saurin fushi. Soja an koya masa ya ce lafiya lau ko yana zubar da jini, kuma wannan lafiya lau ɗin ita ake rubutawa.

Ranar 15 ga Janairu za a sake ajiye furanni a saki tattabaru, ranar da aka zaɓa saboda ita ce ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Wanda ya shiga yaƙin yana ɗan shekara 18 a 1967, an haife shi a 1949 ke nan, yanzu ya haura 75.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma Satiru, mu ba ta shiri guda cikakke. Na bar ku lafiya.